Ranar da Fitilar Lambu Ta Ƙi Mutuwa

Shekara talatin da ɗaya ina auren mutumin da ake kira Injiniya, kuma a duk tsawon zaman nan ban taɓa ganin ya sa hannu a abu ya gyaru ba. Fankar falonmu da ya kwance, yanzu sai an tura ta da sanda take tashi. Agogon bango ya ce yana latti da minti biyar, ya sauke shi ya duba, tun daga ranar ƙarfe huɗu yake nunawa safe da yamma. Sauran kayan gidan da kuka ga suna aiki, ni ce nake bin bayansa in gyara in ya fita. Fanka da agogo kuwa da gangan na bar su, don shaida. Amma ku tare shi a hanya ku ce famfonku na ɗiga, ku ga yadda zai gyara tsayuwa ya ce, "Wannan? Ai aikin minti biyu ne."

Gidan haya muke zaune, bene mai hawa biyu, iyali takwas. A tsakiya akwai ɗan lambu: bishiyar lemo guda, benci biyu, sai tukwanen furen Malama, malamar makarantar da ke hawan sama, wadda ke ji da furannin nan kamar ita ta haife su. Mai gidan hayar ya kafa fitila a tsakiyar lambun bisa dogon ƙarfe, irin mai shan rana. Faranti a samanta, batir a cikinta, sai wani ɗan ido kamar ƙwayar wake da take gane faɗuwar rana da shi. Shida da rabi ta kama da kanta. Awa biyu cif ta mutu da kanta, don kada batir ya ƙare. Haka aka ƙero ta, kuma shekara biyu ba ta taɓa saɓa alkawari ba.

A ƙarƙashin wannan fitila maigidana yake buɗe majalisa kullum. Labarinsa ɗaya ne tal: ranar da wuta ta so tashi a kamfanin katifa inda muka yi aiki muna matasa, shi yana sito, ni ina ɗinka rigunan katifa. Yakan faro tun daga abin da ya karya da shi ran nan, ya bi ta launin takalmin manaja, ya gangaro kan hayaƙin da ya turnuƙe, mutane na gudu suna tattake juna, shi kaɗai ya kutsa ɗakin babban makunni. Sai ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu sama ya ce, "Na miƙa hannuna haka..."

Ɗif! Fitila ta mutu.

Sai ya buga cinya ya ce, "Kai, wannan fitila ba ta da tarbiyya! To, sai gobe." Gobe kuma ya sake farowa daga karin kumallo.

Maƙwabta sun ɗauka dacewa ce kawai. Su dai suna zuwa don shan iska, da shayin da Mai Aski ke dafawa in ya rufe shagonsa na bakin ƙofa, da kuma jin katifu nawa za su ƙaru a labarin yau. Ni kuwa tagata lambun take kallo. Ina kan keken ɗinki ina ganin yadda mutumin nan yake satar kallon agogon hannunsa, yana ja yana sassautawa, don hannun nan nasa ya tashi daidai takwas da rabi.

Bari in gaya muku ƙarshen labarin, tunda ni ba fitila ce ke tsare da ni ba. Ya kutsa ɗakin makunni kam, wannan gaskiya ne, kuma har gobe ina yaba masa. Ya miƙa hannu. Wani ɗan tartsatsi ya yi tas! Sai ga Injiniya shame-shame a ƙasa, ya suma. Ni ce na shigo da sandar katako ta awon yadi, na tsallake shi, na doke makunnin ya sauka. Da manaja ya iso ya tarar da mutum kwance a gindin makunni, sai ya ce ga gwarzo, ga injiniyan gaske, lantarki ya yar da shi a bakin aiki. Aka ɗauke shi ana tafi. Na buɗe baki zan yi magana, ya buɗe ido ya dube ni, wani irin kallo na a rufa min asiri. Na rufe bakina. Bayan wata shida aka yi bikinmu.

Amma na kafa masa sharaɗi tun a lokacin. Na ce, "Ka zuba gishiri son ranka. Hayaƙi ya kai sama, katifu su zama dubu, ba ruwana. Amma ranar da ka ce da bakinka kai ka sauke makunnin nan, ran nan zan tashi in faɗi abin da ya faru." Don haka ƙarya ba ta yiwuwa, gaskiya kuma tana nufin sunan Injiniya ya bi iska, sunan da ko a takardar asibiti shi yake fara faɗa kafin na yanka. Fitilar nan ita kaɗai ce ƙofar gudunsa.

Ran wata Litinin Mai Aski ya toshe ƙofar. Fitila ta mutu, maigidana ya buga cinya kamar kullum, sai muryar Mai Aski ta fito daga cikin duhu.

"Ranka ya daɗe, ni fa abin nan na ba ni mamaki. Mutumin da ya kashe wutar kamfani guda, a ce 'yar fitila ta gagare shi?"

"Wa ya ce ta gagare ni?"

"To ai shekara biyu tana katse ka."

"Raini ne ba na so in yi wa kayan mai gida."

"Na tambaye shi jiya da ya zo aski. Ya ce ka yi yadda ka ga dama, in dai ba ka tumɓuke ƙarfen ba."

Kaka, tsohuwar da ke ɗakin kusa da namu, ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ɗan nan, ka gyara ta don girman Allah. Shekarata tamanin da huɗu. Ina so in ji abin da hannun nan ya yi kafin a kira ni."

Da mutum ne mai hankali, da ya yi tari ya shige ɗaki. Shi kuwa sai ya bugi ƙirji ya ce, "Asabar! Ku gayyato kowa. Zan cire mata wannan ɗabi'a ta barci da wuri, ta kwana tana ci kamar rana. Aikin minti biyu ne."

Yana shigowa ya zube a kujera, zufa na karyo masa.

Na ce, "Sannu da cika baki."

Ya ce, "Ke, ina da dabara. Zan hau in buɗe, in rufe, in ce kamfanin da ya ƙera ta ya kulle mata ƙwaƙwalwa. Shi ke nan."

"Ka taɓa buɗe abu ka rufe ya zauna yadda yake?"

"Ba na son baƙin baki, uwar yara."

Talata da hantsi ya fito da tsani, akwatin kayan aiki, da wata hular kwano da ban san inda ya samo ta ba. Da ya buɗe ya rufe ya sauko, da magana ta ƙare. Amma ya waiga ya ga mata sun leƙo ta taga, Mai Aski ya fito da almakashi a hannu, har mai sayar da gas ya tsaya da kekensa. To, maigidana in ya ga idanu, hankalinsa tafiya yake hutu. Nan take ya fara lacca daga saman tsani.

"Kun ga wannan ɗan idon? Shi ne munafukin. Shi ke kai mata gulmar lokaci. In aka rufe shi, ina za ta san awa biyu ta cika?"

Ya yanko baƙin salatif ya manne idon. Kafin ya sauke hannu fitila ta kama, rana tsaka, ƙarfe sha biyu.

Mai Aski ya ce, "Allah ya ja zamanin Injiniya! Da ma rana ta yi ƙaranci a lambun nan."

"Gwaji ne. Ku ba ku san aiki ba."

Ta ci awa biyunta tana gasa da rana, ta mutu. Da magariba ta yi, aka zauna ana jira. Shiru. Ita a wurinta tun sha biyu dare ya yi, ta yi aikinta ta kwanta, kuma da ido a rufe gari ba zai taɓa waye mata ba. Kaka ta fito cikin duhu tana lalube, sandarta ta ɗauki tukunyar furen Malama ta yar, ƙafarta ta shiga ta biyu. Malama ta sauko daga bene da gudu kamar an ce ajinta ya kama da wuta.

"Wa ya kashe min furena?"

Kaka ta ce, "'Yar nan, ni da ƙafata na cikin tukunya ba ki tambaya ba?"

"Sannu Kaka. Injiniya, gobe in na dawo daga makaranta ban ga haske ba, kai za ka tsaya a kan ƙarfen nan da tocila."

Laraba ya cire salatif, ya je ya aro babban madubin shagon Mai Aski. Ya ce ya gano bakin zaren: ba agogo ke kashe ta ba, yunwa ce. In aka kafa madubi ya riƙa mayar mata da haskenta kan farantinta, za ta riƙa cin abin da ta haifa har abada. Malama, wadda kimiyya take koyarwa, ta girgiza kai ta koma sama. Ya ɗaure madubin a reshen lemo da igiyar shanyata.

Shida da rabi fitila ta kama. Madubi ya watsa mata hasken a ido. Ta ɗauka gari ya waye, ta mutu. Ta ga duhu, ta kama. Ta ga haske, ta mutu. Kama, mutu, kama, mutu, ba ko numfashi. Kafin ka ce kwabo yaran layinmu sun cika ƙofa suna rawa. Wani mai tasi ya tsaya ya leƙo yana tambayar gidan wa ake shagali. Kaka ta ce duk wanda ta kalla sai ta gan shi guntu-guntu, Mai Aski ya zuba shayi rabi a kofi rabi a takalmin Direba, maƙwabcinmu na sama mai tuƙa motar haya. Shi kuwa gogan naka yana tsaye hannu a ƙugu yana cewa, "Kun gani? Ta fara koyon tashi da kanta. Saura ta koyi zama."

Iska ta taso, igiya ta zame, madubi ya sauko ya rabe biyu. Washegari duk wanda aka yi wa aski a shagon nan rabin kansa kawai ya gani, sauran rabin sai dai ya yarda da Mai Aski.

Alhamis ya gano wani ɗan maɓalli a cikin fitilar, ya danna shi da tsinken ashana. Sau nawa ya danna, shi ma bai sani ba. Ashe fitilar tana da wata ɗabi'a ta biyu da aka ɓoye mata: in ta ga motsi ta kama, in an daina motsi ta ƙirga goma ta mutu. Da yamma aka taru. Aka zauna, ɗif. Direba ya ɗaga hannu zai yi ƙorafi, haske. Ya sauke, ɗif. Kaka ta yi atishawa, haske.

Wallahi na ajiye ɗinki na riƙe ciki. Manyan mutane, masu 'ya'ya da jikoki, zaune a benci suna kaɗa hannu sama kamar masu korar ƙuda. Malama na gyaran takardun ɗalibai da hannun dama, na hagu na sama yana lilo. Kyanwar Direba ta gane harka, ta riƙa wucewa tana dawowa da jela a sama, ita ce mai wutar gida.

Sai Mai Aski ya ce, "Ah to! Ai magana ta ƙare. In dai motsi take so, ba awa biyu kuma. Mu yi layi, kowa ya kaɗa hannu na minti goma. Ranka ya daɗe, bismillah, tun daga karin kumallo har ƙarshe."

Na ga maigidana ya yi tsuru-tsuru. Ya kama maƙogwaro ya fara wani irin tari da ko jariri ba zai yarda da shi ba.

"Ƙurar fitila ta shiga min murya. Asabar muka ce, Asabar ce."

Juma'a ya wuni da mayafi a wuya yana magana da hannu. Ya lallaɓa ya yi ta danna maɓallin har Allah ya taimake shi ta koma ɗabi'arta ta farko.

Asabar da la'asar ya zo bakin tagata da filaya, ya yi ƙasa da murya.

"Uwar yara, na yanke shawara. Kashe ta zan yi gaba ɗaya, in ce ɓera ne. Waya biyu na gani a ciki, ja da ruwan ɗorawa. Wacce ce ta rai?"

Na tausaya masa, Allah ya sani. Na ce, "Ja. Ita ke fitowa daga batir. Ruwan ɗorawar kada ka taɓa ta, ina zaton ta agogon ce."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ja? Ke da keken ɗinki za ki koya min waya?"

"To me ya sa ka tambaye ni?"

"Don in san wacce ba ita ba."

Ya hau, na ji ƙat. Ya sauko yana fito, ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta zuwa biki, ya shirya fuskar jimami da zai nuna wa jama'a.

Jama'a kuwa sun zo. Benci bai isa ba, aka fito da kujerun roba. Mai Aski ya gayyato duk wanda ya aske a satin nan, Malama ta zo da abokan aikinta biyu, Kaka ta sa a kawo mata kujerarta mai hannu aka ajiye gaba-gaba. Maigidana ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya ce, "'Yan'uwa, ina baƙin cikin sanar da ku cewa ɓeraye..."

Fal! Fitila ta kama, haske tar kamar ba ta taɓa ciwo ba.

Aka ɗauki tafi. Ya ɗaga kai ya dube ta kamar wanda ya ga mamaci a kasuwa. Amma nan da nan ya murmure. Na karanta lissafinsa a fuska: in ta kama shida da rabi, ai za ta mutu takwas da rabi, ya buga cinya, ya ce kamfani ya kulle ƙwaƙwalwa. Sai ya gyara murya ya ce, "...cewa ɓeraye ba su isa su hana Injiniya aiki ba!"

Ran nan ya ba da labari kamar ba gobe. Katifu suka kai dubu bakwai. Hayaƙi har tsuntsaye ya riƙa kayarwa. Manaja ya rungume ƙafarsa yana kuka yana cewa kada ka shiga, kana da sauran rayuwa. Takwas da minti ashirin da tara ya kutsa ɗakin makunni. Ya miƙe, ya saci kallon agogo, ya ɗaga hannu.

"Na miƙa hannuna haka..."

Fitila na ci.

"Haka fa na miƙa shi..."

Fitila na ci. Kusan sati guda tana hutu tana shan rana, batir ya cika ya batse, ga agogon da ke kashe ta an yanke masa waya. Karo na farko a rayuwarsa mijina ya gyara abu, kuma bisa kuskure.

Kaka ta matso da kujera. "Mun ga hannun, ɗan nan. Sai me?"

"Hannun dama ne fa, ba na hagu ba."

"Mun ji. Sai me?"

"Kun san hannu yana da yatsu biyar..."

Mai Aski ya ce, "Har da babban yatsa, ranka ya daɗe. Sai me?"

Ya waigo tagata. Na ajiye almakashi na naɗe hannu. Ya san ina nan a kan sharaɗina. Sai ya ce wai sauro ya taru a fitila, ya cire hularsa ya jefa mata don ya rufe ta. Hula ta wuce ta maƙale a bishiyar lemo. Ya ce ƙarfen ya karkace, ya rungume shi yana girgizawa da ƙarfinsa duka. Fitila ta yi rawa ta ci gaba da ci. Ya ce ta yi zafi, ya ɗauki butar shayin Mai Aski ya watsa sama. Ita da aka ƙera don ruwan sama ko a jikinta, shayin ya dawo kan farar riga.

Malama ta ce, "Injiniya, gyara kake ko kisa?"

Aka fashe da dariya. Amma ni na daina. Na ga idon nan irin na ranar kamfani. Haushinsa nake ji, shekara talatin da ɗaya ina jin haushinsa, amma ba zan iya zama a taga ina kallo a yi masa dariya irin wannan ba. Na ce bari in watsa taron. In wutar gida ta ɗauke, kowa zai ruga ya duba firji da talabijin, shi kuma ya sulale.

Babban makunnin gidan yana ƙarƙashin matakala, can sama, hannuna ba ya kaiwa. Na ɗauki sandar awona, ita dai wadda na baro kamfani da ita. Na zaga ta bayan kujeru, na buɗe ƙofar, na ɗaga sanda, na doke shi ya sauka.

Gida duka ya yi ɗif. Sai dai lissafina ya karkace. Ashe ƙwallo ake bugawa a talabijin, duk mazan da ba su sauko ba suna sama suna kallo. Suka yo ƙasa suna salati, mata da yara na biye, kowa ya nufi wuri ɗaya tilo da ke da haske a gidan. Taron da na so in watsa ya ninka biyu. Ga maigidana a tsakiya, jiƙe da shayi, ba hula, hannu ɗaya har yanzu a sama. Ga ni kuma a ƙofar matakala, hasken fitila ya dallare ni, sanda a hannu, makunni a sauke a bayana.

Direba ya ce, "Matar Injiniya, ke kika kashe mana wuta ana shirin buga fanareti?"

Maigidana ya zuba min ido. Ya daɗe yana kallo. Sai hannun nan da ya shekara biyu a sama ya sauko a hankali ya nuna ni.

Ya ce, "Haka na gan ta."

Kaka ta ce, "Wa?"

"Ita. Na miƙa hannu, tartsatsi ya yi tas, na faɗi sumamme. Da na buɗe ido, haka na gan ta, tsaye a kaina da wannan sandar, makunni a sauke, hayaƙi a bayanta. Ita ta kashe wutar. Ni kwanciya kawai na yi."

Shayi na ta ɗiga daga farantin fitila.

Kaka ce ta fara magana. "Yanzu ɗan nan, shekara biyu ina kashe ƙuguna a bencin nan saboda suma?"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a layi na uku. Direba ya zauna a ƙasa. Mai Aski na share hawaye da tawul ɗin aski yana cewa, "Sumar ta minti nawa ce, ranka ya daɗe? Minti biyu?" Shi kuwa maigidana ya tsaya ya shanye, bai gudu ba. Da ta ɗan lafa sai ya ce, ba da muryar lacca ba, da muryarsa ta cikin ɗaki, "Ku yi dariyarku. Ni dai da na buɗe ido na gan ta, na ce a raina ko korata za ta riƙa yi da sandar nan, sai na bi ta. Nan ne wurin da ya fi daɗi a duk labarin, kuma shekara talatin da ɗaya ban samu na faɗe shi ba."

Ni da na ɗauka na gama jin komai daga bakin mutumin nan, sai ga hawaye. Na juya na mayar musu da wutarsu don kada a gani.

Malama ta ce, "To, suna ya koma hannun mai shi. Sannu da aiki, Injiniya." Ni take nufi.

Mai Aski ya ce, "Shi kuma fa?"

Kaka ta ce, "Mijin Injiniya mana."

Na ɗauka zai kwana biyu bai fito ba. Ina! Lahadi shida da rabi yana kan benci, ya faro daga abin da ni na karya da shi ran gobarar. Sandar awo ta zama kamu goma. Ni kuma wai tsalle ɗaya na yi na ƙetare katifu arba'in. Yanzu ba hannun da zai tsaya a sama, ba fitilar da za ta katse shi, labari ya miƙe ba birki. Kwana uku aka jure. Ran na huɗu da safe sai ga Mai Aski, Malama da Kaka a bakin tagata, ido duk ya yi ja.

Mai Aski ya ce, "Injiniya, don Allah don Annabi, a mayar mata da wayar nan."

Na ɗauki filaya da salatif na hau tsani, shi yana riƙe da shi daga ƙasa. Ina cikin haɗa ruwan ɗorawar na ji yana gaya wa mai sayar da gas, "Ka ganta nan? Ni na koya mata."

Na leƙo na ce, "Me ka ce, baban yara?"

"Na ce ni na riƙe mata tsani."

Fitila ta koma awa biyunta, tana mutuwa takwas da rabi kamar da. Majalisa ma tana nan, katifu sun kusa dubu goma. Abu ɗaya ne ya canza. Yanzu daga ƙarshe yake faro labarin, daga inda ya buɗe ido ya gan ni, wai don kada fitila ta riga shi.